Malmo Da Danginsa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, da ku malamanmu, ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi a gaban yara, da abin da na koya a dalilinsa. Da na so in ɓoye, amma na tuna an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In wani daga cikinku ya tsira daga irinsa saboda wannan takarda, to, kunyar da na sha ba ta tafi a banza ba.

Ni mutumin ƙasar Gummi ne, an haife ni a wani ƙauye da ke bakin Gulbin Zamfara. Mahaifiyata kuwa daga ƙasar Bukkuyum aka auro ta. Tun ina ƙarami, in an tashe mu daga makarantar allo, mu kan bi kakana zuwa fadamarsa. A bakin gulbin nan akwai waɗansu itatuwa uku masu duhun inuwa, waɗanda ganyensu ba ya kaɗewa ko da tsakiyar bazara. Su ne malmo. In rani ya yi nisa sai su yi farin fure mai ƙanshi, ƙudan zuma su yi ta kuka a kansu tun da asuba. Sa'an nan gab da faɗuwar ruwa 'ya'yan su nuna, su yi baƙi da ɗan shuɗi-shuɗi, mu yi ta sha har harshenmu ya rine. Kakana ya kan ce mana, "Ku sha ɗiyan, ku bar reshen. Wanga icce shi ka riƙon gaɓa." A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Bara, da aka rarraba mu gwajin koyarwa, aka tura ni wata makaranta a garin Anka. Ran nan darasin dangogin itatuwa ya faɗo kaina. Na raba dare ina juyar abin da ke cikin littafi, da safe na rubuta a allo cewa akwai wani dangi da masana ke kira Myrtaceae, a cikinsa akwai gwaiba da turare da kanumfari. Na ce gwaiba asalinta ƙasashen Amurka masu zafi, turare daga Ostareliya aka kawo shi, kanumfari kuwa daga tsibiran Maluku na ƙasar Indunusiya. Yara suna ta rubutawa, ni kuwa ina jin kaina na zama malami.

Sai wani yaro da ke zaune can baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, to, duk baƙi ne ke nan? Ba su da ɗan'uwa a ƙasarmu?" Na ce babu. Ya ce, "Malam, kakata ta kan yi mana zancen wani itace wai shi malmo, shi kuma dangin wa ne?" Ban tsaya na yi tunani ba, na ce, "Ƙanen ɗinya ne, ai 'ya'yansa baƙaƙe ne kamar nata." Yaro ya rubuta, duk ajin ma suka rubuta.

Ashe malaminmu da ya zo duba mu yana zaune bakin taga yana ji, bai ce uffan ba. Da aka tashi ya kira ni gindin wata gwaiba da ke bayan ofis, ya ce, "Malam ƙarami, wa ya gaya maka malmo ƙanen ɗinya ne?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kamarsu na gani." Ya yi murmushi, ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Je ka samo reshen malmo da na ɗinya, ka aza su kusa da na gwaiba da na turare, ka duba abu uku, ganye, da fure, da ɗa. In ka gama ka zo ka gaya mini abin da ka gani. Ni ba zan faɗa maka ba."

Gwaiba da turare da ɗinya ba su ba ni wuya ba, duk na same su cikin gari ran nan. Malmo ne ya gagara. Duk wanda na tambaya sai ya ce akwai shi can bakin gulbi, amma wa zai kai ni? Tun da 'yan bindiga suka tsare dazuzzukan ƙasarmu, mutum ba ya nisa da gari sai da babban dalili. A nan ne na gane abin da ya sa yaron nan bai san malmo ba sai a bakin kakarsa. Daga ƙarshe na aika wa kawuna da ke ƙasar Bukkuyum, ya sa aka karyo mini reshe biyu, ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu, ya ba wani direba ranar kasuwar Nasarawar Burkullu. Na yi sa'a ƙarshen bazara ne, da sauran fure a jikinsu, ga kuma 'ya'ya ɗanye.

Na shimfiɗa su duka a kan tabarma, na fara da ganye. Ganyen malmo ƙwaya ɗaya ne, mai kauri da santsi, tsawonsa kamar inci 3 zuwa 6, bakinsa sumul ba tsaga. Biyu biyu su ke fitowa a reshe, wannan yana fuskantar wannan, daidai da na gwaiba. Jijiyoyinsa ƙanana suna tasowa daga ta tsakiya, amma ba su kai baki ba sai su haɗu da wata siririyar jijiya da ta kewaye ganyen kamar dajiyar riga. Na duba ganyen turare, na ga ita ce dai a can. Na ɗaga ganyen turare ga rana, sai ga ɗigo-ɗigo masu haske kamar an huda shi da allura. Waɗannan su ne ma'ajin mai, daga cikinsu ƙanshi ke fita. Na malmo da na gwaiba ƙanana ne ƙwarai, sai da na ari gilashi mai ƙara girman abu na gan su. Na murza su ɗaya ɗaya a yatsa, kowane ya ba da ƙanshi irin nasa. Ganyen ɗinya fa? Shi ma biyu biyu ya ke fitowa, amma kowane ɗaya ya rabu biyar kamar yatsun hannu, kuma ba dajiyar nan a bakinsa.

Sa'an nan na juya wajen fure. Furen malmo kusan duk zare ne, watau 'yan farare siraran zaruruwa masu ɗauke da garin fure a kansu, sun fi gaban in ƙirga, kamar gezar abawa. Filayensa huɗu ƙanana su kan haɗu su faɗi tare kamar hula sa'ad da furen ya buɗe. Furen gwaiba ma cike ya ke da zaruruwan nan, na turare haka, har shi ma da 'yar hularsa mai tsini. Na ɗinya kuwa kamar ƙaramin bututu ne mai leɓe biyu, zarensa huɗu tak.

Ɗan itacen shi ya ƙarasa kashe mini baki. Kowa ya san ɗan kambin nan da ke kan gwaiba, can gefen da ba ya manne da reshe. To, ɗan malmo ma yana da irinsa, ƙarami, a daidai wurin. Dalili kuwa shi ne a wannan dangi ɗa ya kan taso daga ƙarƙashin fure ne, saboda haka ragowar furen ke zama a kansa. A ɗinya kuwa ragowar furen tana can gindin ɗa, wajen reshe, kamar faifai. Ban sami abin da ya haɗa malmo da ɗinya ba sai baƙin fata.

Na koma wurin malaminmu na faɗa masa. Ya ce, "Madalla. Yanzu sai ka karanta, ka ga waɗanda suka riga ka dubawa." Ga taƙaitaccen abin da na samu. Wani masani mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita al'adar ba kowane tsiro suna biyu cikin littafinsa na 1753. Na farko sunan gida ne, na biyu sunan iri, gidaje masu kusanci kuma su ake tarawa a ce dangi. Gwaiba ya kira ta Psidium guajava. Wani Bafaranshe, Jussieu, shi ya tara wannan dangi cikin 1789, sunan kuwa an samo shi daga wani ɗan itace mai ƙanshi na ƙasashen bakin Bahar Rum, wanda Larabawa ke ce wa al-as. Irin da ke cikin dangin sun fi 5,000, mafi yawansu a Ostareliya da Amurka ta Kudu da kudancin Asiya.

Malmo sunansa Syzygium guineense. Wani Bajamushe, Willdenow, shi ya fara siffanta shi, sa'an nan de Candolle, mutumin Suwizalan, ya sa shi gidan Syzygium cikin 1828. Kalma ta biyu ma'anarta "na Gini", watau sunan da Turawan dā ke kiran gaɓar Afirka ta Yamma da shi. Tsayinsa ya kan kai ƙafa 30 zuwa 50, wani wuri ya fi haka. Akwai na bakin ruwa irin namu, akwai kuma na tudu, gajere, mai kaurin ɓawo da manyan 'ya'ya, wanda ke jure wutar daji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kanumfari ma gidan nan ya ke, Syzygium aromaticum, ko da ya ke sai 1939 aka tabbatar masa da wannan suna. Ashe malmon da na ce ba shi cikin dangi ya fi gwaiba da turare kusa da kanumfarin da iyayenmu mata ke sa wa kunu. Ɗinya kuwa yanzu masana sun sa ta dangi ɗaya da ɗoɗɗoya da na'ana'a.

Wannan ya tuna mini karatun sarfu a zaure. Malaminmu ya kan ce kada mu dubi tsawon kalma ko daɗin amonta, mu nemi baƙaƙen nan uku na asali, su ne za su nuna mana 'yan'uwanta. Haka itatuwa su ke. Ko suna ma ya kan ruɗi mutum, gama gwanda da gwandar daji sun yi tarayya a suna, amma ba dangin da ya haɗa su. Ba kuwa ina rena sunayenmu ba ne. Wani likita, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a ƙasar nan ta Arewa, sai da ya bi manoma da maharba da masu magani yana tambaya, kafin ya buga littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa cikin 1916. Su suka san itacen a gindinsa, shi ya san danginsa na nesa. Malamin kirki yana bukatar sanin biyun.

Saura abu mai wuya, watau komawa gaban yara. Na kwana ina shawara da zuciyata. Ta ce, in ka ce ka yi kuskure za su rena ka. Na ce, in na yi shiru kuma sun tafi da ƙarya a littattafansu da hannuna. Da safe na shiga aji da rassan nan, da kanumfari na jiƙa cikin ruwa tun dare. Na ce, "Ku buɗe inda kuka rubuta malmo ƙanen ɗinya ne, ku soke. Ni na faɗa, ban kuwa faɗi daidai ba." Aji ya yi tsit. Na raba musu kanumfari, na ce kowa ya ɓare ɗan ƙwallon da ke kansa da farce. Suka ɓare, sai ga zaruruwa cunkushe a ciki, domin kanumfari fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba aka shanya. Na zaga da furen malmo suka gwada. Yaron nan ya daɗe yana duban reshen, sa'an nan ya ce, "Malam, in kai wa kakata ganye ɗaya?" Na ba shi reshen duka. Ban ga wanda ya rena ni ba, tambaya ma ƙaruwa ta yi daga ran nan.

Da aka ba mu hutu na je gida, na nufi fadamar kakana, Allah ya jiƙansa. Cikin itatuwan nan uku ɗaya ya rage, biyu an sare tuni an yi itacen wuta. Na sha wucewa ta wurin ban kula ba. Ruwan da ya yi wa Gummi ɓarna cikin watan Agusta na 1924 da ƙari ɗari, watau 2024, ya zabge gaɓa inda kututturan su ke, amma inda mai ran ke tsaye tana nan. Ban ce malmo zai tare ambaliya ba, ruwan da ya ci gidaje ya fi ƙarfin itace. Na dai fahimci maganar tsoho bayan ba ya nan.

Gwaiba tana da mai ba ta ruwa a lambu, turare ana dasa shi jeri jeri a bakin hanya da makarantu, kanumfari yana kowace kasuwa. Ɗan gida kaɗai ne ba shi da mai kula da shi. Ƙwayarsa ba ta jure ajiya, in ta bushe ta mutu, sai a shuka ta da ɗanyenta. Na tsinci waɗansu a gindin wanda ya rage, na shuka cikin gwangwanaye, bakwai sun tsiro, ƙanena yana ba su ruwa kafin mu kai su gaɓa.

Roƙona gare ku, 'yan'uwa, shi ne duk wanda zai koyar da darasin itatuwa kada ya shiga aji da alli kaɗai, ya shiga da reshe. In yaro ya tambaye ku abin da ba ku duba ba, ku ce masa sai gobe. Wanda kuma garinsu ke da malmo, in ya je hutu ya taho mana da ƙwaya cikin danshin ƙasa, mu gwada ta a lambun makaranta kusa da gwaiba.

Wassalam.