Jitar Gwanjo: Daga Alabar Zuwa Sokoban

Shekarata 31 a Kumasi ina harkar goro kamar yadda mahaifina ya yi, amma sai bana ƙafata ta taka Sokoban. Wata tsohuwar jita mai tsagaggen ciki ce ta kai ni.

Bari in faro daga gida. A Aboabo muke zaune. Wata rana bayan la'asar na tarar da autana, ɗan shekara 16, a bayan gida yana kaɗa jitar da ya aro wurin abokinsa na makaranta. Na yi masa faɗan da har maƙwabta suka leƙo. Na ce kaf zuriyarmu babu makaɗi, babu maroƙi. Ya mayar da ita. Daga ranar, tsakanina da shi sai "ina kwana Baba" da "sai da safe Baba". Aka yi wata uku a haka. Wani dare uwarsa ta ce, "Alhaji, haka fa yayansa ya fara." Yayan nasa shekara huɗu ke nan da ya bi ta Agadas zuwa Libiya, sai a yi wata biyar ba mu ji muryarsa ba. Ban tanka mata ba, amma ban runtsa ba.

Wanda ya san Kumasi ya san cewa in ka baro Kejetia ka nufi Alabar, babu abin da ba za ka gani a bakin titi ba. Ga masu dako da kaya a ka, ga tirotiro suna ta ham, ga Twi da Hausa da Turanci suna cakuɗa a baki ɗaya. A nan akwai shagunan kayan da mutanen Gana suke kira hom yus, wato gwanjon da ake sauke wa daga kwantena a tashar Tema: firji, dutsen guga, keken yara, tsofaffin rediyo. Fanka na je nema. Sai na hango jitar a jingine bayan wata injin wanki, ƙura ta rufe ta, tsirkiya biyu sun tsinke.

Mai shagon ya ce sidi 400. Ni ban san jita ba, amma na san kaya mai aibi. Na nuna masa tsagar da ke cikinta, tsawon tafin hannu. Na nuna masa ɗan katakon da tsirkiyoyin suke ɗaure a kai, irin wanda masu garaya a gida suke kira jaki, ya ɗaga har tsinken ashana na shiga ƙarƙashinsa. Muka yi ta ja har ya sallama a 180. Na naɗe ta a buhu don kada wani ɗan Zango ya ga Alhaji da jita, na bi ta lungu.

Da na ajiye ta gaban yaron, bai yi murna ba. Ya juya ta, ya ce a hankali, "Baba, ai ta mutu." Maƙwabcina ya ce a zuba mata sufa gulu a huta. Allah ya taimake ni ban bi shawararsa ba. Wani direban da ke kai min goro Tamale shi ya ba ni labarin wani tsohon kafinta a Sokoban mai gyaran kayan kiɗan coci.

Ranar Asabar muka kama hanya ni da yaron. Sokoban tana kudancin gari, can aka mayar da masu katakon da a da suke cunkushe a Anloga. Tun kafin ka sauka daga mota ƙamshin ɗanyen katako zai tarbe ka, ga ƙarar zarto ko'ina, ga ƙurar katako tana bin gemu. An jera falankai bisa falankai: odum mai nauyi da ake ƙofofi da shi, wawa fari mara nauyi, da jajayen katakai na kujeru. Shagon tsohon yana can ƙarshen wani layi, bai fi rumfar mai shayi ba.

Na gaishe shi da "Opanyin", kamar yadda Ashantawa ke kiran dattijo. Ya karɓi jitar, ya sassauta tsirkiyoyin kafin komai, sannan ya bi cikinta yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, kunnensa a kusa. Inda ya ji sautin ya canja, ya zura ɗan madubi da tocila ta ramin. Ya nuna mana wasu siraran katakai da aka manna daga ciki kamar haƙarƙari, ɗaya ya saki.

Sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ba faɗuwa ta yi ba. Kayan da ya fi ƙarfinta aka ɗora mata." Ya yi mana bayani cewa jita iri biyu ce. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, wadda jan tsirkiyoyinta shida ya kai kusan kilo 70, shi ya sa ake sa mata sandar ƙarfe a cikin wuya. Akwai mai tsirkiyar nailan, wadda janta bai wuce wajen kilo 40 ba. Ana gane ta da faɗin wuya, da tsaga biyu a ka, da yadda ake ƙulla tsirkiya a jikin jakin. Tamu ta nailan ce, wani ya ɗaura mata ta ƙarfe, ta yi ta jurewa har jakin ya ɗaga. Na saci kallon yarona. Shi jitar yake kallo.

Aikin bai yi kama da yadda na zata ba. Tsohon ya ɗumama wata siririyar wuƙa ya cire jakin gaba ɗaya, ya kankare tsohon gam har katako ya fito fes, don a cewarsa sabon gam ba ya kama tsoho. Ya shafa gam na kafintoci, ya matse da ƙarfen matsi ta cikin ramin. Tsagar kuma ya cusa mata gam da yatsa, ya yanka 'yan ƙananan katakai uku kamar farce, ya manna su daga ciki a gicciye. Da yatsunsa suka kasa kaiwa, sai ya ce wa yaron ya zura hannu. Na ga hannun da nake cewa ba ya iya ɗaure huhun goro yana aiki ba rawa.

Muna jiran gam ya kama, tsohon ya tambaye ni ko na san Koo Nimo. Na san sunan a rediyo. Ya ce mutumin nan da duniya ta san shi da jita, shekara da shekaru ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar kimiyya ta nan Kumasi, jita ba ta hana shi neman halaliyarsa ba. Ban ba shi amsa ba.

Mako guda ya ce mu ba ta. Da muka koma, ya ɗaura sababbin tsirkiyoyin nailan, ya caje ni 250. Kuɗin gyara ya fi kuɗin saye, a lissafin kasuwa na faɗi. Ya ja kunnenmu game da hunturu: katako yana shan raɓa ya kumbura, iska ta bushe ya tsuke, a nan yake tsagewa. Ya ce in za a kai ta arewa, Tamale ko Wagadugu ko Yamai, a sa ta cikin jaka tare da ɗan soso mai danshi a cikin gwangwanin sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon. Na yi dariya na ce, "Opanyin, wannan kam karatuna ne. Haka muke lallaɓa goro a cikin ganye."

Don haka 'yan'uwa, in jitar gwanjo ta shigo hannunku, ko don sayarwa ne, ku dubi wuyan daga ka zuwa ƙasa kamar mai duba miƙewar sanda. In ya murɗe, ku bar ta. Tsaga da jakin da ya ɗaga suna gyaruwa. Ku tambayi irin tsirkiyar da ta dace da ita, ku kuma nisanta ta da sufa gulu.

Mun yi sharaɗi da yaron: ba kiɗa lokacin salla, ba kiɗa sai an gama karatu, ranar Asabar kuma yana rumfa tare da ni. Har yanzu ban saba da amon ba, wasu abokaina kuma sun daina ce min komai sai kallo. Amma a tirotiro, muna dawowa daga Sokoban, ya yi min hira tun daga tasha har gida. Makon jiya ya ɗauki ɗan abin da ya koya a waya ya tura wa yayansa. Saƙon ya nuna an buɗe. Muna jiran amsa, ku taya mu da addu'a.