Yini Guda a Farm Centre: Neman Tab ta Karatu da Kallo

Baƙon da ya ji an ce Farm Centre zai zaci wurin sayar da taki da irin shuka ne. Ko ƙwayar masara babu a wurin. Kasuwar waya ce a ƙaramar hukumar Tarauni cikin birnin Kano, kuma tun kafin mai adaidaita sahu ya gama tsayawa za ka gane haka, don samari za su yo kanka: "Saye ne ko sayarwa? Gyara za a yi? Musaya ce?" A bakin titi teburan masu caja da iyafis da rigunan waya ne. Can ciki kuwa ƙananan shaguna ne layi bayan layi, kowanne da akwatin gilashi a gaba, ga ƙarar janareta ta gauraya da waƙar da masu tura fina-finai suka ƙure.

Mu huɗu muka je ranar wata Asabar, 'yan gida ɗaya, biyu a ajin ƙarshe na sakandare, biyu a bayansu, Yaya yana yi mana jagora. Kwamfutar hannu muke nema, wadda a kasuwar kowa ke kira tab. Kuɗin kuwa haɗin gambiza ne: abin da muka tara na barka da salla, da wani kaso na adashin Umma, da cikon da Baba ya yi bisa sharaɗin cewa ta karatu ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, daga baya aka mayar da ita tambaya 180 cikin awa biyu, saboda haka sharaɗin Baba yana da tushe. Mu dai a zuciyarmu mun san za a kalli Labarina da Izzar So a YouTube. Kuɗi ɗaya ne, kuma idan ya salwanta ba za a sake haɗa wani ba kafin jarrabawa.

Tambayar farko a kowane shago ita ce, "Nawa ne a hannunku?" Yaya ya riga ya gargaɗe mu kada wanda ya amsa. Farashi a nan ba ya zama wuri ɗaya. Idan dala ta motsa a Wapa da safe, kafin la'asar an ji a Farm Centre, shi ya sa ba za mu rubuta muku kuɗin komai ba, kada ku je ku ce mun yi ƙarya.

A shagon farko mai kayan ya jera mana guda uku. Redmi Pad SE, mai fuska inci 11 da batir 8,000mAh. Galaxy Tab A9+ ta Samsung, ita ma inci 11. Sai ƙanwarta Galaxy Tab A9, inci 8.7, batirinta 5,100mAh. Ya kunna bidiyo a kan babbar, ya ƙure murya, nan take ƙaraminmu ya ce shi dai ya gama zaɓe. Ba mu ga laifinsa ba. Manyan biyun ƙwayoyin hoton fuskarsu 1920 ne a tsawo, 1200 a faɗi, fuskar ɗan wasa tana fitowa tas har da zufar goshi.

Sai yayarmu mace, wadda ita ce jarrabawa ta fi matsowa, ta ce, "Alhaji, don Allah a buɗe mana takarda mu gani." Ta tura masa tsofaffin tambayoyin Kimiyyar Sinadarai da ke wayar Yaya, irin fayil ɗin PDF da ake yawo da shi a WhatsApp. A nan lissafi ya fara canzawa. A babbar, shafi guda yana fitowa cikakke, ana karanta ƙananan lambobi ba sai an ja da yatsa ba. Amma da ta riƙe ta da hannu ɗaya na ɗan lokaci sai ta sauke, domin nauyinta ya kusa rabin kilo. Ƙaramar kamar sulusin kilo ce, tana shiga jakar makaranta tsakanin littattafai, ana iya kwanciya da ita a tabarma, sai dai shafin PDF sai an ɗan buɗa shi ko an kwantar da ita. Wanda zai yi awa uku yana karatu da wanda zai jingina ta da filo ya yi kallo ba abu ɗaya suke nema ba, ko da kuwa mutum ɗaya ne da safe da kuma dare.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ba a fuska yake ba, a gefe yake. Redmi ɗin da aka nuna mana ba ta da wurin sa layi, sai da wayfai take shiga intanet. Gidanmu babu wayfai. Ma'ana duk lokacin da za a sauke wani abu sai an roƙi Yaya ya buɗe datar wayarsa, shi kuma ba kullum yake gida ba, kuma ba kullum yake da fara'a ba. Su Samsung ɗin kowacce iri biyu ce, akwai mai layi akwai marar layi, kwalinsu kusan ɗaya, kuɗinsu daban. Wanda bai tambaya ba sai ya isa gida zai sani.

Muka ce za mu zaga mu dawo. A wani layi na masu kayan hannu, waɗanda ake ce wa 'yan Landan ko da daga Amurka ko Dubai suka fito, muka tarar da Amazon Fire tuli guda, da arha mai jan hankali. Mai shagon bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, "Ƙannena, wannan ba ta zuwa da Play Store, kantin manhajarta daban ne, kuma ba ta cin layi. Ana iya yi mata dabara a sa, amma in kun san ba ku da mai yi muku, ku bar ta." A gefensu akwai tsofaffin iPad. Gaskiya fuskar iPad ta fi kowacce dacewa da shafin littafi, don ta fi faɗi, ba doguwa ba ce kamar sauran. Sai dai tsohuwa tana kaiwa inda ba ta karɓar sabuntawa, sababbin manhajoji su ƙi hawa, ba ta da wurin memori, kuma idan mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, ka sayi faranti ne kawai.

Wurin da muka fi daɗewa ba shagon sayarwa ba ne. Teburin wani mai gyara ne, abokin Yaya, a wani lungu da ƙamshin dalma ya cika. Yana aiki da ƙaramin madubi a ido, gabansa tarin wayoyi a buɗe kamar an fede su. Ya jawo wata tab daga ƙarƙashin tebur, marar sunan kamfanin da muka sani, kwalinta ya sha rubutu: ram kaza, ma'adana kaza, har da kyautar allon rubutu da biro. Ya ce wani ne ya sayo ta a intanet ya kawo. Ya sa mata manhajar da ke duba cikin na'ura, sai ga abin da ke ciki bai kai abin da aka rubuta a waje ba. Ya ce ko a masu suna mu lura da rubutu irin "4+4": huɗun farko ne ram na gaske, na biyun aro ne daga ma'adana, ba ya gudu kamar na ainihi. A ganinsa ram giga 4 da ma'adana giga 64 da wurin memori sun ishi ɗalibi.

Sannan ya ce, "Kafin ku biya, ku zo ku tambaye ni ko akwai gilashinta a kasuwa. Ku huɗu ne, sai ta faɗi." Ya ce shi ya sa mutane da yawa ke tsayawa kan Samsung ko Itel ko Infinix ko Tecno, sunayen da masu gyara suka saba da su. Ukun ƙarshen ma duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Ya ƙara da cewa kada a bar ta a rana ko a yi ta kallo tana jikin caji a zafin Afrilu, don batirin da ya kumbura shi ke ɗaga gilashi.

A bencinsa muka yi lissafin da ya kashe gardamar. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya yana iya cin giga 1 a hoto na talaka, har giga 3 a hoto mai kyau. Littafin PDF mai mega 5 kuwa, giga 1 zai sauke kusan 200 irinsa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. To wannan kyakkyawar fuska mai inci 11, wa zai riƙa ciyar da ita? Da kuɗin tara da muke samu, dole a rage hoton YouTube zuwa 360 ko 480, a sauke da garaɓasar dare a kalla da rana. Hoto mai 480 kuwa a ƙaramar fuska ya fi kyan gani, a babba ne yake dusashewa. Wato da mun biya kuɗin kyan da ba za mu iya saya masa data ba. Ƙaraminmu ya ce batirin babbar ya fi, kuma gaskiyarsa, a unguwar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma babbar fuska ita ma ta fi shan wuta, kuma rarar kuɗin da ke tsakani ta isa fawa banki.

Bayan sallar la'asar muka koma shagon farko muka ce a ba mu ƙaramar, mai layi. Yaya ya yi ciniki har sau biyu muna tashi ana kiran mu. Ba mu bar wurin ba sai da aka buɗe kwalin a gabanmu, aka sa layin Yaya muka ga ta kama, aka danna *#06# muka gwada lambar IMEI da ta jikin kwali. Yayarmu ta buɗe farin shafi ta duba ko akwai ɗigo a fuskar, aka jona caja, aka gwada iyafis. Aka rubuta rasit da lambar a jiki da sharaɗin garanti. A teburin bakin titi muka sa mata gilashin kariya da riga mai kauri, baƙa, don ba a samu jituwa kan wata kala ba.

Wani abu da mai gyaran ya tuna mana muna tafe: a ɗakin JAMB ba taɓa fuska ake yi ba, madannai ne da linzami, A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya. Don haka masu jarrabawa cikinmu sai sun je cibiyar kwamfuta ko sau biyu ne hannu ya saba.

A adaidaita sahu aka raba lokaci. Daga magariba zuwa ƙarfe goma ta masu jarrabawa ce, Asabar da Lahadi da rana ta kowa, kwana kuma a ɗakin Umma. Ƙaraminmu bai yarda da rabon ba, ya ce zai ɗaukaka ƙara wurin Baba.