Takardar Abuja Ba Ta Wuce Zaure

Ranar da motar baƙin ta shigo ta Ƙofar Doka, takardunsu sun cika jaka guda. Su huɗu ne, daga Turai, sun zo ɗaukar fim a kan ginin ƙasa na birnin Zariya, irin fim ɗin da ba wasa ake yi a cikinsa ba, rayuwar mutane ake nunawa yadda take. Akwai biza, akwai izinin ɗauka daga hukuma, akwai takardar kwastan mai jerin kowace kyamara da lambarta. Matashin da suka ɗauka ya yi musu jagora, haifaffen cikin birni ne da ya yi karatu a Samaru. Ya duba jakar, ya ce musu saura abu ɗaya: gaisuwa.

Ba laifinsu ba ne da suka ba takarda muhimmanci. A shekarar 2008 jami'an tsaro sun tsare wani Ba'amurke mai shirya fim, Andrew Berends, a Fatakwal, kuma duk ɗan wannan sana'a da zai zo Najeriya sai ya ji labarin.  Amma duk wannan izinin shiga ƙasa ne. Izinin shiga gari daban yake, kuma ba a buga shi da hatimi.

Kwana biyu na farko a zaune suka ƙare. An je fada, an jira, an faɗi gaisuwa. Daga nan sai wurin hakimi, sai mai unguwa, sai limamin masallacin da ke bakin lungu. Daraktan yana ta duba agogo, domin a lissafinsa duk yinin da kyamara ba ta juya ba kuɗi ne ya zube. Jagoran kuwa ya san cewa in aka tsallake mutum ɗaya a wannan tsani, ranar ɗauka ba wanda zai hana su da baki. Ƙofofi ne kawai za su kasance a rufe, kowa ya ce mai gida ba ya nan.

Sauran wahalhalun na kayan aiki ne, kuma suna da magani. Ƙurar hunturu tana shiga gilashin kyamara, ta mayar da sama fari fat. Batura na neman caji, wuta ba tabbas, janareta kuma yana lalata sauti. Mota ba ta shiga lungu, sai a ɗora kaya a ka. Mai ɗaukar murya ya fi kowa shan wuya: babura, injin markaɗe, da yaran da ke taruwa da zarar sun hango Bature. In aka kira salla, aiki ya tsaya. Ko tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, ya ba su mamaki. Sun zo da hotunansa na dā a zuciya, sai suka tarar sabon gini ya lulluɓe shi. Bakunan ginin da suka yi tafiya dominsu suna can ciki, cikin duhun da sai an kawo fitila.

Inda abin ya tsaya cak shi ne jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ce ba a tashinsa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma baƙin sun samo wannan izini da kyar. Suna so su ɗauki birnin daga sama da hantsi, ganuwa da rimaye da dutsen Kufena daga nesa. Abin da ba su lura da shi ba shi ne gidan Bahaushe katanga gare shi, ba rufi ba. Tsakar gida a buɗe take ga sama. Nan mata ke daka, nan ake wanki, nan ake zama ba mayafi. An yi zaure, an karkata ƙofofinsa, don kada idon baƙo ya wuce ciki, sai ga na'urar da ke tsallake wannan duka cikin daƙiƙa goma.

Wani dattijo da aka roƙa a tashi jirgin daga ƙofar gidansa ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya dubi jagoran, ba baƙin ba. "Ɗana, kai ma sai an gaya maka?" Jagoran ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Da ya juya ga daraktan, ce masa ya yi hasken bai yi kyau ba yau.

Wannan shinge ba sabo ba ne. A 1949 da 1950, lokacin da M. G. Smith ke bincike a ƙasar Zazzau, matarsa Mary ce ta iya shiga cikin gidaje, ta zauna da wata tsohuwa ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin da ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Ayarin da ya zo ba mace ko ɗaya a cikinsa, rabin gari kawai zai gani. Waɗannan baƙi sun gane haka a rana ta biyar, suka nemi wata ɗaliba ta riƙe ƙaramar kyamara ta shiga inda aka yarda.

Masu fim na kasuwa suna da wata mafita, domin abin da gari ya hana su sai su gina shi a wani fili, su ɗauki 'yan wasa, su maimaita fitowa sau goma. Bruce Beresford ya zo Arewa ya ɗauki Mister Johnson, wanda ya fito a 1990, da 'yan wasan da ke bin umarninsa. Mai fim na haƙiƙa ba ya da wannan gata. Hawan Salla sau ɗaya yake wucewa, ba mai ce wa Sarkin Zazzau ya koma baya.

Sai kuma takardar amincewa, shafi biyu cikin Turancin lauyoyi, wadda ake so kowa ya sa wa hannu. Maginin da ya yini yana nuna musu yadda ake cuɗa ƙasa da makuba ya ƙi taɓa biro. A wurinsa magana ta riga ta ƙare tun da ya ce to a gaban mutane. Takarda kuwa sai a rikicin gona. Daga ƙarshe muryarsa aka ɗauka yana cewa ya yarda. Ko ya san abin da ya yarda da shi, wato a nuna fuskarsa ko'ina a duniya har abada, wannan nauyi a wuyan mai fassara ya rataya.

Baƙin sun tafi a rana ta tara. Jagoran yana nan, a lungun yake bi zuwa masallaci. Duk lokacin da ya wuce, maginin yakan tambaye shi ko hoton nan ya fito.