Gadiniya da Gauɗe

Cikin furannin da ake ƙawata gida da su, da wuya a sami mai cin hidima kamar gadiniya. Ɗan itace ne da bai cika wuce mita biyu ba, ganyensa kore shar mai sheƙi, ba ya kaɗewa rani da damina. Furensa fari ne fat, in ya kwana biyu sai ya koma ruwan ɗorawa, ƙamshinsa kuwa ya fi tashi da almuru. Asalinsa kudancin Sin da Japan da Biyetnam, kuma dangin itacen kofi ne. A 1761 masanin Birtaniya John Ellis ya raɗa masa suna Gardenia jasminoides, don girmama Alexander Garden, likita ɗan Sikotland da ya zauna a Charleston ta Amurka. Sinawa sun daɗe suna samun rini rawaya daga 'ya'yansa.

Shekara huɗu ke nan ina rainon guda a cikin tukunya a gidanmu na Zariya, kuma ta sanar da ni sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta ke tsakanin 5 da 6.5. Ruwan rijiyarmu mai zartsi ne. In ta daɗe tana shansa sai saiwarta ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sababbin ganyaye su yi rawaya, jijiyoyinsu kaɗai su rage kore. Tokar murhu, wadda mutanenmu ke zuba wa shuke-shuke da kyakkyawar niyya, ƙara mata ciwon take yi. Saboda haka nake tara mata ruwan sama a durom, in haɗa ƙasarta da ruɓaɓɓen ganye da ɗan garin farar wuta. Hantsi take so, da azahar kuma a sa ta a inuwa. In hunturu ya kama, busasshiyar iska kan sa ta zubar da tohon furen tun bai buɗe ba, sai an matsar da ita bayan katanga ana yi mata yayyafi safe da yamma. Ba a yi mata aski sai fure ya ƙare. Mai son iri kuwa ya yanki ɗanyen reshe mai tsawon santimita 12, ya dasa a farkon damina.

A watan Maris na bara, muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa, Inna ta tambaye ni dalilin killace durom guda saboda itacen da ba ya miya, ba ya inuwa. Na tsinko mata fure ɗaya. Ta sansana, ta juya shi a tafin hannu, ta ce, "Yo ai wannan gauɗe ne, ɗan nan."

Maganar Inna ba ta saɓa wa ta masana ba. Gauɗen dajinmu jinsi ɗaya ne da gadiniya, sunansa a wurinsu Gardenia erubescens. Akwai ma ɗan'uwansa da ya ci sunan Sakkwato, Gardenia sokotensis. Furen gauɗe shi ma yana buɗewa fari ya koma rawaya, ƙamshinsa kuma ba ya jin kunyar na baƙuwar. Yana tsira a kan tsakuwa da marmara, gobarar daji ta bi ta kansa ya sake toho, ba mai ba shi ko moɗa ɗaya. Yara suna shan 'ya'yansa, mata sun yi kwalliya da baƙin da ake samu daga gare su, manoma suna shinge da rassansa masu tauri.

Duk da haka, cikin masu sayar da furanni na bakin titi da na zaga a Kaduna da Zariya, ban ga wanda ya ajiye gauɗe ba. A ƙauyen su Inna kuwa, duk gonar da aka share sai an sare shi an ƙone kututturen, har yaran gidan kawuna ba su san ɗanɗanonsa ba. Abin da muke biyan kuɗi da ruwa don mu raya, irinsa ne muke kai wa gatari kyauta.

Ban daina hidimar gadiniya ba, domin ƙamshinta ya cancanci wahalarta. Sai dai na roƙi kawu ya aiko mini da nunannun 'ya'yan gauɗe, na wanke ƙwayoyin na shuka a gefen katanga da saukar ruwan farko. Biyu sun tsiro. Girmansu a hankali yake, amma ruwan rijiyar nan mai zartsi suke sha, kuma har yau ganyensu bai sauya launi ba.