Ɗan mai albasa da harshen inji

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ciniki ta bakin tafinta ya san cewa magana ba ta isa yadda ta fito: ana ƙara mata, ana rage mata, kuma lokaci na tafiya. Haka abin yake tsakanin mutum da kwamfuta. Na'urar ba ta jin Faransanci, ba ta jin Hausa. Abin da ta sani sifiri da ɗaya ne kawai. Masu rubuta mata umarni sukan yi amfani da harsuna masu sauƙi irin su C ko Python, sannan wata manhaja ta yi tafinta. Amma akwai wani harshe, wanda Faransawa ke kira asamblar, da ake magana da injin kusan baki da baki, kowane layi umarni guda.

Wannan harshe ne wani saurayi na Birnin Ƙonni ya ɗaura ɗamarar koyo bayan ya gama lise, don ya gina injin wasa, wato ginshiƙin da ke zana hoto, ya karɓi taɓin yatsa, ya kiyaye dokokin wasan. Mahaifinsa fataucin albasar Galmi yake yi, kuma ya so yaron ya riƙe masa littafin lissafi. Da ya gan shi dare da rana a kan wata tsohuwar kwamfuta da aka sayo daga Sakkwato, sai ya ce masa: "Yaro, wasa ake ci?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, a yi mini haƙuri zuwa kaka."

Tambayar uban ba ta banza ba ce, sai dai ya kamata mai karatu ya san abin da yaron yake yi kafin ya yanke hukunci. A cikin ƙwaƙwalwar inji akwai ƴan aljihuna ƙalilan, goma sha shida a irin kwamfutarsa, sai kuma babban rumbu mai gurabe masu lamba. Wanda zai tara kuɗin buhu biyu a asamblar, sai ya ce: ɗauko abin da ke gurbi kaza ka sa a aljihu na farko, ɗauko na biyu, haɗa su, mayar da jimla rumbu. Abin da wani harshe zai faɗa a layi ɗaya, nan sai layi huɗu. In ya manta abin da ya ajiye a wani aljihu ya zuba wani a kai, babu mai gargaɗinsa. Wasan ya tsaya cik, ko allon ya cika da shirme.

Wasan da ya zaɓa shi ne dara, wadda dattawa ke bugawa a gindin bishiya: gurabe 30, layi 5 masu gurbi 6, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. A nan ne ya ga amfanin wahalarsa. Aljihu ɗaya mai bit 32 ya isa ya riƙe duk ƴaƴan mutum guda, ɗaya inda akwai ɗa, sifiri inda babu. Ke nan aljihu biyu sun ɗauke dara baki ɗaya. Don gano jeri uku kuwa, sai a zame lambar da gurbi ɗaya, a sake zame ta, a gwama ukun: inda duka suka nuna ɗaya, an ci. Ya yi mako guda injin na cin ƴaƴan da bai cancanta ba, kafin ya gano cewa yana ɗaukar gurbin ƙarshen layi da na farkon layin ƙasa a matsayin maƙwabta.

Wannan tsimi ba sabo ba ne. Na'urar wasa ta Nintendo da ta fito a Japan a 1983 kilo-okte 2 kacal gare ta na wurin aiki, kuma wasan Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilo-okte 40 ne, bai kai nauyin hoto guda na salula ba. A 1999 wani ɗan Sukotlan, Chris Sawyer, ya fitar da RollerCoaster Tycoon, wanda ya rubuta kusan dukansa da asamblar, shi ya sa dubban mutanen cikin wasan ke kai da komo a ƙananan kwamfutocin lokacin ba tare da sarƙewa ba.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, kuma kawun yaron, ma'aikacin gwamnati a Illela, shi ya faɗa masa ita: "Ɗana, wa zai buga wasanka a kwamfuta? Mutane salula gare su." Asamblar ba ta ƙetare iyaka, kowace ƙwaƙwalwa da nata karin harshe. Abin da aka rubuta wa Intel ba ya tashi a ARM da ke cikin wayoyi. Wasan Sawyer ma sai da aka sake rubuta shi kafin ya shiga wayoyin hannu a 2016. Tun 1993 wasan Doom da harshen C aka gina mafi yawansa, aka bar wa asamblar ƴan wuraren da ake neman sauri. Yau tafintocin sun ƙware har sukan fi hannun mutum, ga kuma injinan wasa shiryayyu irin su Unity da Godot. Mai son ya sayar da wasa bana, can ya kamata ya nufa.

To, ashe yaron ya yi asara? Ko kusa. Ya sake rubuta darar da C, ta tashi a waya, kuma hikimar aljihu biyu ta bi shi. A ƙasar da wayoyi masu araha suka fi yawa, kuɗin intanet ke cizo, wuta kuma ba ta da tabbas, kamar yadda aka gani a watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wadda take sayar wa Nijar, manhaja maras nauyi mai tsimin batir dukiya ce. Kuma ba wasa kaɗai ke da ƙananan ƙwaƙwalwa ba: suna cikin mitar lantarki, da sikelin zamani, da na'urorin masana'antar siminti ta Malbaza, da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a can a 2018. Ranar da irin waɗannan suka yi gardama, wanda ya san cikin inji ake nema, in babu shi a gida sai a ɗauko shi daga waje da kuɗi masu tsoka.

Uban bai ce ya gamsu ba, amma ya ba yaron safiya don littafin albasa, ya bar masa maraice. Wannan rabo ya isa abin koyi. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ga ɗansa a irin wannan hali, kada ya tambaye shi wasa yake yi ko aiki. Ya ce ya nuna masa abin da ya gina da hannunsa. Mai buga wasan wasu zai kawo labari, mai koyo kuwa zai buɗe littafi cike da lambobi da gogewa. Allah ya sa a dace.