Kifin da ba nawa ba

Tun ina ɗan makaranta nake son zane. Bayan kowane kaye nawa cike yake da raƙuma da motoci. Da na girma na zama malami, ban daina ba.

Wata rana na ji labarin wani wasa na masu zane. Sunansa Inktober. An haɗa sunan ne da kalmomi biyu na Ingilishi, tawada da watan Oktoba. Wani mai zane na ƙasar Amurka, Jake Parker, shi ya fara shi a shekarar 2009. Dokar wasan ba wuya: kwana 31, zane 31, duka da tawada. Tun daga 2016 ake fitar da kalma guda don kowace rana. Kowa ya zana abin da kalmar ta tuna masa, ya ɗauki hotonsa, ya baje shi a intanet. Ta haka mutanen ƙasashe da yawa suke ganin aikin juna.

A shekarar 2020 na ce ni ma zan shiga. Na haɗa baƙin tukunya da ƙaro, na yi tawada irin ta makarantar allo. Na feƙe alƙalami na kara.

Kalmar ranar farko ita ce "kifi". Da na duba zanen mutane, sai gabana ya faɗi. Kifayensu kamar za su yi motsi. Na ji tsoron a yi mini dariya. Sai na ɗauko littafin ƴan aji huɗu, na kwafi kifin da ke ciki, na baje shi kamar nawa.

Da marece ɗiyar ƙanwata ta shigo. Ta dubi takardar, ta ce:

"Kawu, ai wannan kifin littafinmu ne!"

Kunya ta kama ni. Ni ne kullum nake hana yara satar amsa, ga shi ni na yi. A daren nan na cire hoton. Kwana biyu ban taɓa alƙalami ba.

Rana ta huɗu, kalmar ita ce "rediyo". Sai na tuna da rediyon mahaifina. Murfin batir ɗinsa ya ɓace, an ɗaure wurin da tsohuwar roba. Na ajiye shi bisa tabarma, na zauna ina kallonsa, ina zanawa. Hannuna ya yi rawa, layi guda ya karkace. Tawada kuwa ba ta goguwa kamar alli. Na bar shi yadda yake. Da mahaifina ya ga zanen, ya yi dariya, ya ce:

"Har robar ma ka sa!"

Ranar 13 ga wata aka ba da "tudun rairayi". Mutane da yawa suka zana hamada da ayarin raƙuma. Ni kuwa na zana tudun da ke cin gefen gonarmu, da shingen karan da muka kafa don mu tsai da shi. A cikin zanen da na duba ranar nan, ban ga irinsa ba.

Ban cika zane 31 ba. Guda 22 na yi. Ba su kai na gwanaye kyau ba, amma ba wanda zai ce ya taɓa ganinsu a cikin littafi.

Yanzu na kawo wasan cikin ajina. Kowace Litinin ina rubuta kalma guda bisa allo, da Hausa da Faransanci. Ran Juma'a mu ɗaura igiya a bango, mu rataya zanen kowa. Ranar da na ba da "ruwa", wani ya zana rijiya da guga, wata ta zana randar uwarta, wani kuma ya zana hadari bisa gonar gero. Kalmar guda ce, amma ba zane biyu da suka zo daidai.

Yara, in aka ba ku kalma, kada ku leƙa takardar na kusa da ku. Ku tuna abin da kuka gani a gida, a gona ko a kasuwa, ku zana shi. Kalmar wannan mako ita ce "takalma".