Daga Yamai zuwa Jidda: kilomita 4.000 cikin yini guda

Kowace shekara maniyyata daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran garuruwan Nijar suna tashi zuwa aikin Hajji. Da yawa ba su san nisan da za su ci ba.

Tsakanin Yamai da Jidda, in an miƙe sak, wajen kilomita 4.000 ne. Hanyar mota daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ce. Ke nan nisan Jidda ya fi wannan sau huɗu.

Jirgin sama yana tashi daga filin Diori Hamani, ya fuskanci gabas. Yana hawa sama wajen kilomita 10, yana cin kilomita 800 ko fiye cikin awa guda. Miƙaƙƙiyar hanya tana bi ta kan hamadar Cadi da Sudan, ta ƙetare kogin Nilu da Bahar Maliya. Tafiyar awa 5 ce zuwa 6. A 2023, da yaƙi ya tashi a Sudan, an rufe sararin ƙasar, jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo.

Filin jirgin Jidda na yanzu an buɗe shi a 1981. Daga Jidda zuwa Makka wajen kilomita 80 ne a mota. Agogonsu yana gaban namu da awa 2: in ƙarfe 12 ta yi a Yamai, can ƙarfe 2 ce.

Kakanni sun ci wannan nisa da ƙafa, da jaki, da raƙumi. Suna bi ta Barno da Wadai da Darfur, har Sawakin a bakin teku, sannan su shiga jirgin ruwa. Mai yin kilomita 30 kullum ba hutu, sai ya yi fiye da wata 4. Amma guzuri yana ƙarewa. Sai a tsaya a yi ƙodago a gonakin mutane, tafiya ta kai shekaru. Wasu ba su komo ba. Jikokinsu suna Sudan har yau, suna jin Hausa. Garin Mai Wurno, bakin Nilu, mutanen Sakkwato da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa shi.

Jirgi ya rage kwanaki, amma nisa yana nan. Abin da mutanen da suka biya da shekaru, yau da kuɗi ake biyan shi. Hajji kuwa a kan mai iko ya wajaba. Kada manomi ya saida gonarsa ko irin shuka don kujerar Makka. Kada makiyayi ya ƙarar da garke. Mai niyya ya tara sannu a hankali, ya bar ma iyali hatsi cikin rumbu. Ya nemi fasfo da wuri, ya je likita a yi mashi allurar shawara da ta sanƙarau, don ana tambayar takardarsu.

Allah ya kai masu niyya lafiya, ya maido su lafiya.